Fam Tamanin na Mama Asabe

Ni mutum ne mai zargi, ban taɓa ɓoyewa ba. Ko matata Rifkatu ce ta ce gishiri ya ƙare, sai na leƙa kwanon. Ina jin saboda wannan halin ne jama'ar ikilisiyarmu suka zaɓe ni, a daminar shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, in tafi Bamenda ta ƙasar Kamaru in koyo yadda ake tafiyar da ƙungiyar ajiya da rance. An riga an cuce su sau ɗaya. An taɓa kafa asusun manoman citta a ƙauyenmu, ma'ajin ya ɗauki akwatin ya shiga jirgin Legas, har yau bai gama sauka ba. Da Pasto ya samo labarin cewa a tsaunukan Kamaru manoma suna tara kuɗi suna ranta wa juna, kuma kuɗin suna kwana inda aka ajiye su, sai aka ce a aika malamin makaranta Yohanna, ai shi ba a yi masa wayo.

Takardar gayyata ta ce kuɗin karatu da ci da kwana na mako takwas zai kai naira ɗari da hamsin. Zumuntar mata ce ta ɗauki nauyin tarawa. Ran Lahadi bayan sujada, ma'ajiyarsu Mama Asabe, tsohuwar da ta goya ni ina jariri, ta miƙo mini ƙunshi a tsumma an ɗaure shi tamau, ta ce, "Ɗana, ga fam tamanin. Kuɗin citta ne da na gyaɗa, babu na burkutu a ciki, kada ka ji tsoro." Aka yi dariya, Pasto ya ɗora hannu a kai ya yi addu'a. Na yi lissafi a zuci, fam ɗaya naira biyu, ɗari da sittin ke nan, har da ragowa. Ban kwance ba. A wurinmu ba a ƙirga abin da tsohuwa ta ba ka, balle wanda aka yi wa addu'a. Rifkatu ta ɗinke ƙunshin yadda yake cikin ɗamarar atamfa, na ɗaura a ƙugu ƙarƙashin wando. Guzurina na hanya daga albashina ne, yana aljihu dabam.

A jirgin ƙasa daga Kafanchan zuwa Inugu, duk wanda ya kalle ni sau biyu na sa shi a lissafi. Wata mata a Makurɗi ta ɓare lemo ta miƙo mini rabi, na ce na ƙoshi, don na taɓa jin ana sa maganin barci a lemo. Ta shanye abinta a gabana, ni kuwa maƙogwaro ya bushe har Otukpo. Daga can Hausa ta fara ƙarewa a bakin mutane. Shekara uku ke nan da gama yaƙin basasa, ana ganin ramukan harsashi a jikin tashoshi. Na kama bakina, in an tambaye ni abu sai in amsa da Turancin aji, kada a gane daga inda na fito.

A tashar motar Inugu aka yi mini abin da na rantse ba za a yi mini ba. Wani ɗan kamasho ya karɓe jakata da fara'a, ya karɓi kuɗin Ikom, ya zaunar da ni a gaban wata babbar mota kusa da kujerar direba, ya ce yanzu za a tashi. Na zauna ina jin daɗin an girmama malamin makaranta. Awa biyu ba wanda ya hau. Na fara mita da Hausa ni kaɗai, sai na ji murya ta taga tana cewa, "Malam, sauko. Wannan motar wata uku da suka wuce a nan na gan ta, kuma a kan duwatsun nan take."

Na leƙa. Ƙafafun baya babu taya ko ɗaya.

Mai maganar siririn mutum ne, ya kai shekara arba'in da ɗoriya, da hula da ƙaramar jaka, an soke allura biyu a wuyan rigarsa. Ya ce sunansa Habu, tela ne, haifaffen unguwar Hausawa ta Bamenda, ya je Jos ta'aziyyar yayarsa ne zai koma. Ya ja ni muka nemo ɗan kamashon a bayan rumfar mai abinci, ya zazzaga masa Turancin buroka har mutane suka taru, aka maido mini rabin kuɗina. Na yi godiya da baki, amma zuciyata tana tambaya, me yake nema? Mahaifina ya sha wuya a hannun masu sayen citta da sikelinsu, kuma tun ina yaro ya gargaɗe ni cewa in Bahaushe ya yi mini murmushi in dafe aljihuna. Na dafe.

Muka hau mota ɗaya zuwa Abakaliki, daga nan Ikom. Malam Habu ba ya gajiya da zance. Da na ce, "Motan nan ya cika gudu," sai ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Ku mutanen Kafanchan kun hutar da kanku," in ji shi. "Mota namiji, mace namiji, kowa namiji."

"Ku fa?" na ce. "Rabin Hausarka buroka ce, rabi Fulatanci."

"To, mu haɗa taka da tawa, ko za ta kai Hausa guda."

Na yi dariya ban shirya ba. Kwana biyu ban ji harshen da nake sayen barkono da shi ba, sai na ji kamar an kwance mini wuya. Amma ko a cikin dariyar, gwiwar hannuna tana kan ɗamara.

Da muka kusa gadar iyaka ya matso ya rage murya. "Abin da ke ƙugunka, ka daina taɓa shi. Tun Abakaliki kake shafa shi kamar mai ciki wata tara. Ba a yarda a fita da naira da yawa ba, in 'yan kwastan suka gani, sunansa ya tafi." Ashe ya sani. A wurin bincike ya shige gabana, ya gaisa da wani ma'aikaci da suna, ya ajiye masa goro, ya ce ni malamin coci ne baƙonsa. Aka buɗe jakata, aka ga Littafi Mai Tsarki da riguna uku, aka ce mu wuce. A ɗaya gefen kuma jandarmomi, 'yan sandan Kamaru, suka yi ta juya takarduna suna magana da Faransanci, shi ya amsa musu. Na ƙetare lafiya saboda shi, amma abin da na riƙe a raina shi ne, mutumin da ya san 'yan kwastan da suna ba ƙaramin ɗan duniya ba ne.

Hanyar Mamfe kuwa, Allah kada ya maimaita. Ruwa ba ya tsayawa, daji ya rufe sama, jar laka tana haɗiye taya har rabi. Sau biyar aka sauke mu muka tura mota. A turi na ƙarshe na ji wani abu ya ɓarke a ƙuguna, na kama da hannu ɗaya ina turi da ɗaya. Ɗinkin Rifkatu ne ya saki.

A Mamfe aka ce mana hanyar hawa Bamenda ba ta ɗaukar mota biyu, don haka rana ɗaya ta masu hawa ce, rana ɗaya ta masu sauka. Mun iso ran masu sauka, kashegari kuma ƙasa ta zabtaro ta toshe wani wuri. Kwana uku muka yi. Malam Habu ya kai ni gidan wani mahauci abokinsa, aka ba mu zaure, muna cin tuwon masara a kwano ɗaya. In zai yi salla sai in fita in ba shi wuri, in na buɗe Littafi sai ya yi shiru. A nan ya gaya mini shi ma ɗan ƙungiyar da zan je ne. Shekara uku yana ajiya, sule biyu sule uku, a kuɗinsu na can. Ya nemi rancen sayen keken ɗinki na ƙafa, domin shugaban wata makarantar mishan ya yi masa alkawarin ɗinkin rigunan yara in zai gama kafin a dawo daga hutu.

"'Yan unguwarmu suna ce mini na shiga adashin coci," in ji shi. "Wasu suna yi mini wa'azi a kan ruwan bashi. Amma mutum shida sun ce in keken ya iso, su ma za su shiga. Kwamiti zai zauna makon nan."

Rana ta biyu cikina ya ɓaci, ruwan garin bai karɓe ni ba. Da hantsi Malam Habu ya ga ina ta fama da ɗamarar da igiya, ya ce in kawo. Na kwance na ba shi, na zauna na zuba masa ido. Ya zaro allura daga wuyan riga ya fara. Bai kai rabi ba cikina ya murɗa, murɗawar da ba a yi mata gardama. Na ruga bayan gida. Ban fi minti goma ba. Da na dawo ya gama, ya cije zaren ya miƙo mini, ɗinki mai kyau, ya fi na Rifkatu nesa. Na auna nauyin a tafin hannu na kasa gane komai, domin ban san nauyinsa na farko ba.

Muka hau Bamenda ran Alhamis. Tsaunukan sun tuna mini Kagoro, sai dai waɗannan sun ninka, ga sanyi mai shiga ƙashi. Kewar gida ta kama ni a bayan motar nan har na juya fuska, ina tunanin yanzu Rifkatu tana ciyawa a gonar citta ita kaɗai.

Malam Habu bai wuce gidansa ba, ya raka ni ofishin ƙungiyar, ɗaki ɗaya a jikin sito na kofi. Ranar ajiya ce, mutum sun kai ashirin a layi, kowa da ɗan littafinsa. Ma'ajiya wata mata ce mai jiki da tabarau, Madam Bih. Kusa da ita wani dattijo, Mista Ngwa, shugaban kwamitin bincike, shi ne kuma zai koyar da mu. Suka karɓe ni hannu biyu. Madam Bih ta ce dokarsu, duk kuɗin da ya shigo ɗakin nan mutum biyu ke ƙirga shi da murya a gaban mai shi. Na farke ɗamarar, na kwance tsumman Mama Asabe. Takardun naira ɗaya-ɗaya ne, sun jiƙe sun manne. Ta ƙirga, tamanin. Mista Ngwa ya ƙirga, tamanin.

"Ɗari da sittin ne," na ce.

Suka sake. Tamanin.

Na ga fuskar matan zumunta, na ga buhunan cittar da suka kankare da hannu suka shanya, na ji abin da za a ce a ƙauye, wai an sake aika wani ya cinye. Rabi cif aka ɗauka, kuma nan take na ce wa kaina wannan aikin gwani ne, ya bar rabi don kada ƙunshin ya rame. Na juya. Malam Habu yana tsaye a bakin ƙofa da jakata a hannu. Na nuna shi da yatsa, na ɗaga murya da Turanci yadda duk layin zai ji, na ce daga Kafanchan zuwa nan mutum ɗaya ne ya taɓa ɗamarar, shi kaɗai ya zauna da ita, ga shi nan. Na kira shi ɓarawo.

Madam Bih ta cire tabarau ta ce da buroka, "Ticha, yu bin kaunt am?" Wato, na ƙirga kafin in taso?

"An faɗa mini adadin," na ce, "kuma wadda ta faɗa ba ta taɓa ƙarya ba."

Malam Habu ya ajiye jakata a hankali a jikin bango. Ya dube ni ya ce da Hausa, "Malam Yohanna, ni?" Sai ya fita.

Mista Ngwa ya jawo wani babban littafi ya rubuta abin da na faɗa, ya karanta mini, na ce haka ne. Ya ce ba ya jin daɗi, amma duk ƙarar da aka kawo a kan ɗan ƙungiya dole a rubuta, kuma rancensa zai tsaya sai an bincika. "Mu ba mu karɓar gona ko gida jingina," in ji shi. "Halin mutum muke ba rance. In an taɓa halin, ba mu da abin riƙewa." Ba zan ɓoye ba, a lokacin daɗi na ji.

Sun yi mini kirkin da ban cancanta ba. Aka karɓi tamanin ɗin, aka ce sauran in biya da aiki, in riƙa kwafe lissafi da yamma. Madam Bih ta ba ni bargo da tsohuwar rigar sanyin mijinta, tana aiko mini da dafaffiyar masara. Ko ita sai da na yi kwana biyu ina tunanin abin da za ta nema a madadi. Na rubuta wa Pasto wasiƙa mai zafi, na ce an sace rabin kuɗin a hanya, na kuma faɗi ƙabilar wanda ya sata.

Mu tara ne a ajin, daga wurare dabam-dabam. Mista Ngwa ya ba mu tarihin abin, yadda ya faro a ƙasar Jamus cikin manoman da masu ba da bashi da ruwa suka shaƙe, ya ƙetara teku zuwa Kanada da Amurka, har limaman coci suka kawo shi tsaunukan nan, inda ya tarar mutane da ma suna da adashinsu da suke kira njangi. Bambancin, in ji shi, adashi yana tafiya da baki, wannan da rubutu. Sai mutanen da suka san juna ke shiga, 'yan gari ɗaya ko aiki ɗaya. Mai ajiya da yawa da mai kaɗan ƙuri'arsu ɗaya. Masu yanke rance dabam, masu riƙe kuɗi dabam, masu bincike dabam, kuma ba a haɗa wa mutum biyu. Akwatin ƙarfen makullinsa uku a hannun mutum uku. Bayan wannan duka, wani jami'in gwamnati yakan zo a babur ba sanarwa, ya rufe ƙofa ya bi littattafai.

Ni kuwa kullum ramin ɓera nake nema. In masu makullin uku suka haɗa baki fa? In mai babur ya ci goro fa? Mista Ngwa yakan ce, "Tambayi, Ticha, don irinka aka yi dokokin." Har wata safiya na ga ya shigo ba sallamar kirki, ya ce wa Madam Bih ta ɗaga hannu daga tebur, ya aika a karɓo littattafan mutum goma sha biyar daga kasuwa, ya zauna yana gwada su da babban littafi layi-layi. Ita kuwa ƙanwar matarsa ce. Ta koma gefe tana ɓare gyaɗa. Da ya tafi na tambaye ta ko ba ta ji zafi ba, surukinta yana yi mata kamar ɓarauniya.

"Ran da ya daina ƙirga ni, ran nan zan ajiye makulli," in ji ta. "In bai ƙirga ba, wa zai wanke ni a kasuwa?"

Sau uku Mista Ngwa yana kirana a kan maganar Malam Habu. Bai taɓa tambayata ko mutumin ya yi kama da ɓarawo ba. Tambayarsa ɗaya ce, ina takardar da ta nuna ɗari da sittin sun taɓa shiga ɗamarar, wa ya gani, wa ya sa hannu. Na ce ba mu yin haka da iyayenmu. Ya ce to sai a jira amsar gida. Na fita ina ce wa kaina wataƙila telan yana yi masa ɗinki kyauta.

Amsar ta iso a mako na biyar. Na san rubutun Pasto tun daga ambulan. Na tsaya a bakin sito na buɗe.

"Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Wasiƙarka ta tayar mana da hankali ƙwarai. Na kira Mama Asabe a gaban dattawa. Ta ce, 'Ni na ƙirga shi sau uku, takarda tamanin ne, sabon fam na gwamnati, ko ɗaya bai ɓace ba.' Da muka bincika sai muka gane ita da yawancin matan ƙauye sabuwar takardar naira suke kira fam. Ni ma da na ji ta ce fam tamanin, lissafin da ka yi shi na yi. Laifina ne da ban duba ba. Ta yi kuka, tana so ta sayar da akuyarta ta cika, mun hana ta. Babu wanda ya yi maka sata, ɗan'uwa. In ka faɗa wa wani magana, ka nemi gafararsa."

A ƙasa an jera sunayen mata da abin da kowace ta bayar. Na tara da fensir, tamanin.

Na sha jin tsofaffi a kasuwar Kafanchan suna ce wa naira fam. Da bakina na taɓa gyara wa wata mai daddawa. Amma mako biyar ina juya maganar nan dare da rana, na tuna yadda ya cije zare, na tuna goron 'yan kwastan, ban taɓa tuna wannan ba ko sau ɗaya. Kunya ta kama ni, na zauna a kan buhun kofi.

Da la'asar na gangara unguwar Hausawa ina tambaya. Aka nuna mini wata rumfa a bayan masallaci. Yana zaune a tabarma da tsohon keken hannu, yana juyawa da dama yana tura ƙyalle da hagu, facin wando yake yi. Saura kwana shida a buɗe makarantu. Na riga na ji a ofis cewa an ba wani tela aikin rigunan. Ya amsa sallamata, ya tura mini benci, ya tambayi sanyi, ya tambayi cikina. Na karanta masa wasiƙar duka. Na ce ya yafe mini don Allah.

Bai daina juya keken ba sai da ya kai ƙarshen layin.

"Na yafe," ya ce. "Tun ran nan na yafe, don kada in kwana da kai a zuciya. Keke kuwa, in rabona ne zai zo. Amma in tambaye ka. Kwana uku muna cin tuwo a kwano ɗaya, harshe ɗaya muke ji a ɗakin nan ni da kai. Me ya hana ka ja ni gefe ka ce, Habu, kuɗina bai cika ba?"

Da na faɗa masa gaskiya, da sai in ambaci mahaifina da sikelin citta, kuma na tabbata ya riga ya sani.

"Ka ga," ya ci gaba, "ɓarawo da Turanci ka faɗa, a tsaye, gaban mutum ashirin. Haƙurin kuma ka kawo shi da Hausa, a zaune, mu biyu. Waɗancan ashirin ɗin ba su jin Hausa, Malam."

Na ce zan faɗa a taron wata, ran Asabar. Ya ce wannan tsakanina da su ne. Shi dai ya riga ya karɓi ajiyarsa tun makon jiya ya biya hayar keken nan, mutum shidan kuma sun fasa shiga, 'yan unguwa sun ce da ma sun gaya masa.

Ran Asabar ɗakin sujadar da ake taron a ciki ya cika, mutum sun fi ɗari. Na tsaya a gaba da rigar sanyin aro, na faɗa da Turanci, na sake da guntuwar burokar da na koya, cewa ni ne na yi wa Malam Habu ƙazafi, ban ƙirga kuɗina ba, bai taɓa anini ba, kuma ya yi mini alherin da ɗan'uwa ne kawai ke yi. Ina magana ina duban ƙofa. Bai zo ba.

Da na gama na roƙi Mista Ngwa a gaban kowa ya yage shafin nan, ko ya goge. Ya girgiza kai. Ya ce a littafin ƙungiya ba a gogewa, ba a yagewa, ko kuskuren anini ne. Layi ɗaya ake ja a kai, siriri, yadda mai bincike zai iya karanta abin da ke ƙasa, sannan mai kuskuren ya sa hannu a gefe. Ya buɗe shafin, ya ɗora rula, ya miƙo mini alƙalami.

Na ja layin da hannuna. Ya bi ta kan sunan Malam Habu, ya bi ta kan kalmar da na kira shi da ita, kuma duka biyun suna karantuwa sarai. Na rubuta sunana a gefe, Mista Ngwa ya jira tawadar ta bushe, ya rufe littafin ya mayar cikin akwati.